Ranar da Radiya ta Zo Hoton Ciki

In ka tambayi matan cikin birnin Zariya inda ake hoton ciki mai kyau, kafin ka rufe baki za su ce maka wajen Malam Zaharaddini. Ba likita ba ne, kuma ya yi ta faɗa wa mutane haka har ya gaji, amma tsofaffin unguwa ba sa jin gyara, Dakta suke ce masa, shi kuma ya sa musu ido. Dogo ne siriri mai furfura a gemu, ba ya son hayaniya, kuma in yana aiki ko waya ba ya ɗagawa. Wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa yake aiki a bakin hanyar Ƙofar Jatau, ɗakuna kaɗan da baranda mai dogon benci, inda mata ke jeruwa tun hantsi da robar ruwa a hannu, don an ce sai mara ta cika hoto ke fita.

Gidan masu ɗinkin babbar riga aka haife shi, kuma shi ne ɗan fari. Mahaifinsa Malam Mamman mutumin da ne na gaske. Har ya koma ga Allah, ba wanda ya taɓa jin sunan Zaharaddini a bakinsa. In yana son magana da shi, sai ya kira ƙanen yaron ya ce, "Gaya wa wancan ya rufe zaure," alhali wancan ɗin yana zaune a gefensa yana zare masa allura. Da sakamakon jarrabawarsa ta sakandare ya fito, tsohon bai ce masa uffan ba. Sai da aka kwana biyu kawunsa ya kawo masa riga 'yar ciki da babbar riga mai aiki cunkus a wuya, aikin da kowa a gidan ya san hannun waye. Zaharaddini bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba. Ya tashi ya ga haka manyan gidaje ke yi, kunyar ɗan fari ado ce, wanda ke rungumar ɗansa na fari a gaban jama'a ana yi masa kallon marar ta ido. Ya riƙe abin nan da hannu biyu, har ya fi mahaifin nasa riƙewa.

Makarantar koyon aikin lafiya ya yi, ya fara da ɗaukar hoton ƙashi a asibitin gwamnati. Da na'urar hoton ciki ta fara shigowa, shi aka tura kwas, don an ga yana da haƙurin zama. Idon masu ɗinki ya gada. Inda wani zai ga hazo kawai a allon na'ura, shi sai ya tsaya ya karkata kai, ya ce ga ƙafa nan, ga kuma cibiya. Ya yi shekaru masu yawa a nan har ya yi ritaya, sannan wata likita, Dakta Sa'ida, ta ɗauke shi a asibitinta na cikin gari. Ita tana zuwa ne jefi-jefi daga babban asibiti, saboda haka yawancin ranaku shi da nas Jummai ne ke riƙe da wurin. Jummai kuwa mace ce mai baki, ita kaɗai ce a duniya ke iya ce wa Malam ka yi kuskure ta kwana lafiya.

A gida, matarsa Hajiya Larai ta haifa masa 'ya'ya, ta farinsu mace, Radiya. Abin da aka yi masa shi ya yi mata, ba ragi. "Yarinyar nan" yake ce mata, ita ma uwar haka. Ba wai ba sa son ta ba ne. Duk wanda ya san Malam ya san in Radiya na zazzaɓi ba ya iya cin tuwo, sai dai ba zai shiga ɗakin ya taɓa goshinta ba, yana tsakar gida yana tambayar ƙannenta ko an ba ta magani. Abin da ya sauƙaƙa wannan zama shi ne ƙanwarsa, Gwaggo Ummukulsum. A hannunta Radiya ta yi rabin tashinta, kuma duk maganar da ta yi wa uba ko uwa nauyi, ta bakin Gwaggo take bi. Ita ta shigo da maganar makaranta, ita ta shigo da maganar Bashir, malamin firamare daga Tudun Jukun da ya zo neman aure. An yi biki lafiya. Shekara ba ta zagayo ba Gwaggo ta rasu, kuma ba wanda ya lura cewa da ita aka binne hanyar da magana ke bi tsakanin Malam da 'yarsa.

A wannan shekarar ce Dakta Sa'ida ta sayo sabuwar na'ura. Ta hannu ce, an riga an yi aiki da ita a wani wuri, amma a Zariya sabuwa ce fil. Wani injiniya mai suna Suhail ya zo haɗa ta, shi ya zaunar da Malam ya yi masa bayani. Ya ce kan na'urar nan da ake gogawa a cikin mace, ƙananan bakuna ne jere a cikinsa masu tura sauti su saurari dawowarsa. A tsohuwar na'ura, bakunan kan haɗu su tura sautin zuwa zurfi guda, nan ne hoto ke fita tas, abin da ke sama da wurin ko ƙasa da shi sai dishi-dishi. Wannan kuwa ɗaya bayan ɗaya suke turawa, sauran duka suna saurare, sannan kwamfuta ta tattara duk abin da aka jiyo ta gina hoto guda wanda ya fita daga sama har can ƙasa.

Malam ya ƙura wa allon ido, sannan ya ce, "Ashe alƙali ce. Sai ta ji shaidu ɗaya-ɗaya kafin ta yanke."

Injiniya Suhail ya yi dariya ya ce ko a jami'a ba a taɓa gaya masa haka ba, amma ya yarda.

Ba a taɓa ganin Malam yana ɗokin wani abu kamar yadda ya yi ɗokin na'urar nan ba. Mutumin da ko sabuwar hula ba ta sa shi murmushi, sai ga shi yana goge ta da tsumma kowace safiya, yana hana Jummai ajiye kofin shayi kusa da ita. Kuma gaskiya ta cancanta. Abubuwan da da yake zato, yanzu ganinsu yake. Mata nawa ya gano wa mabiyiya, wato uwar cibiyar da ke ciyar da jariri, ta sauko ta toshe ƙofar mahaifa, ya tura su babban asibiti tun da wuri aka shirya musu aiki, suka dawo da jarirai suna yi masa godiya. Ya san wannan matsala kamar yadda ya san hanyar masallaci. Ya kuma san alamarta: jini kaɗan a watannin ƙarshe, ba tare da ciwo ba.

Da cikin Radiya ya tsufa, Bashir ya kawo ta gida goyon ciki kamar yadda aka saba a haihuwar fari. Sai ga mutumin da ya ga cikin rabin matan birni yana zaune gida ɗaya da ciki guda da ba zai iya ko ambata ba. In ta gitta tsakar gida, sai ya sunkuyar da kai kan carbinsa. Amma ido mai aiki ba ya jin umarni. Ya lura cikin ya tsaya sama, bai sauko ba kamar yadda ya kamata a wannan lokaci. Ya ce a ransa haihuwar fari ce, takan yi haka.

Wata safiya Hajiya Larai ta kawo masa koko, ta tsaya tana gyara murfin kwano fiye da yadda murfin ke bukata. Can ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Malam, yarinyar nan ta ɗan ga wani abu jiya."

"Da ciwo?"

"Ta ce babu."

Ya gane jini take nufi. Ya ajiye ludayi ya ce, "A je a yi hoto. Yau ɗin nan." Bai ce a ina ba, ita ma ba ta tambaya ba. Kowannensu ya ga ya yi iya ƙoƙarinsa da ya iya fitar da wannan 'yar maganar.

Wajen azahar, yana cikin ɗakinsa na aiki, ya ɗaga labule don kiran ta gaba, sai ya hango ta. Radiya ce a ƙarshen benci, cikin hijabi ruwan toka, da robar ruwanta kamar kowa, kanta a ƙasa. Bashir ne ya ce mata ta je wajen mahaifinta, don kowa ya san babu na'ura irin tasa a kusa. Ita kuma ta tattaro duk ƙarfin halin da take da shi ta zo. Malam ya saki labulen kamar ya taɓa wuta. Ya kira Jummai da hannu.

"Yarinyar can ta ƙarshe, ki ce mata ta je wani wuri."

Jummai ta leƙa ta dawo. "Malam, Radiya ce fa."

"Na gani."

"To wane wuri ne ya fi nan? Ni zan riƙe kan na'urar, in rufe ta da zane. Kai allo kawai za ka kalla, ka juya mata baya ma in kana so."

"Ba a yi mana tarbiyya haka ba, Jummai."

"Ai matan nan duka 'ya'yan wasu ne, Malam."

"Su ba nawa ba ne," ya ce. "Akwai masu yi a Tudun Wada. Ki sa ta a keke napep."

Jummai ta dube shi har sai da ya kau da kai. Ta buɗe baki za ta ƙara, ya ɗauki butarsa ya fita ta ƙofar baya, ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba. Da ya dawo, ƙarshen bencin babu kowa.

Kar a ce bai yi tunani ba. Ya yi. Ya ce a ransa ai hoto hoto ne, ko tsohuwar na'ura takan nuna irin wannan in mai yin ya natsu. Ya ce in Dakta Sa'ida ta zo zai sa Jummai ta yi mata maganar, ta duba ta da kanta ranar da ba ya nan. Da yamma Hajiya Larai ta ce masa an yi, an ce lafiya lau, kwanciyar yaro ce kawai. Ya san ya kamata ya tambayi wa ya yi, da wace irin na'ura, an ga inda mabiyiya take ko kan yaro ya tare. Tambayoyi ne da yake yi wa duk matar da ta zo masa daga wani wuri. Amma "lafiya lau" ita ce amsar da zuciyarsa ke nema, ya karɓe ta da sauri ya ce alhamdulillahi. Dakta ta zo ta tafi, bai yi maganar ba. Jinin bai sake zuwa ba, sai ya zama kamar ba a yi ba.

Bayan 'yan makonni, da hantsi, yana tsakiyar duba wata mata, Jummai ta shigo ba sallama da wayarta a hannu, don shi tasa a kashe take. Hajiya Larai ce. Jini ya ɓalle wa Radiya tana wanke-wanke. Lungun gidansu mota ba ta shiga, sai da maƙwabta suka ɗauko ta a tabarma har bakin titi. Kafin Malam ya isa babban asibiti an riga an shiga da ita ɗakin tiyata, ana ta neman jini. Ya miƙa hannu aka ɗibi nasa, Bashir ma haka. Suka zauna a benci ɗaya, suruki da suruki, kowa yana kallon takalminsa.

Likitan da ya yi aikin ya san Malam tun zamanin aikin gwamnati, saboda haka ya ja shi gefe ya gaya masa kai tsaye. Mabiyiya ce ta kwanta ta baya, ta rufe ƙofar mahaifa gaba ɗaya. Yaron namiji ne, bai zo da rai ba. Jini ya ƙi tsayawa, don haka dole aka cire mahaifar don a ceci uwar. Sannan likitan ya ce, ba da wata manufa ba, "Da an san da ita tun farko, Malam, da mun kwantar da ita mun shirya. Ba ta yi hoto ba ne?"

Malam ya ce, "Ta yi."

Shi ya karɓi gawar jaririn a cikin zane, shi ya yi gaba zuwa maƙabarta bayan la'asar. Mutane suka yi ta yi masa ta'aziyya suna cewa haka Allah ya so, ya amsa da amin. Ya yi imani da ƙaddara, bai taɓa shakka ba. Amma ya san a cikin abin da Allah ya ba shi har da ido, da na'ura, da nas mai hankali wadda ta kawo masa mafita a tafin hannu ya ture. Jummai ba ta taɓa tayar masa da maganar ba, ko sau ɗaya, kuma wannan shirun nata ya fi masa zafi fiye da duk wani gori. Ya koma aiki. Matan benci suka lura Dakta ya rage magana, kuma yana daɗewa a kan kowace mace har na baya su fara tsaki.

Radiya ta warke a hankali, a gidan iyayenta. Bashir mutumin kirki ne, kullum yana zuwa bayan an tashi makaranta da lemo a leda, bai sauya mata fuska ba. Ita kuwa ta rame, ta yi shiru. In aka yi suna a unguwa, takan rufe tagar ɗakinta. Malam yana jin motsinta daga zaure, ya san lokacin da take cin abinci da lokacin da ta mayar da kwano yadda aka kawo shi, amma har yanzu ƙannenta yake tambaya. Sau da yawa ya tashi da niyyar ya shiga ya ce mata wani abu, ya kai bakin ƙofa ya juya, don bai san da wace kalma uba ke fara magana da 'yarsa ta fari ba. Ba wanda ya taɓa koya masa.

Ana gobe za ta koma ɗakinta, Hajiya Larai ta tafi gaisuwar rasuwa, yara suna Islamiyya. Malam yana zaure bayan la'asar sai ya ji sallama. Radiya ce da kanta ta kawo masa fura. Ta durƙusa ta ajiye kwanon, ya ce madalla yana kallon bango, yana jiran ta tashi. Ba ta tashi ba.

"Baba," ta ce, "ina da tambaya."

Ya gyaɗa kai.

"Ranar da na zo wajenku. Da an sa mini na'urarku, da an gani?"

Ya san amsar da kowane dattijo zai bayar a nan, kuma ba ƙarya ba ce: komai da lokacinsa, ba mai tsallake abin da aka rubuta masa. Ta riga ta hau harshensa. Amma ya ɗago ya dube ta, karon farko tun tana yarinya da ya kalli fuskarta sosai, ya ga ba wa'azi ta zo nema ba.

"Da an gani," ya ce. "Da na gani tun kafin ki gama kwanciya. Ni na ce a sallame ki."

Ta shiga murza bakin hijabinta. Ya jira kuka, ko ta tashi ta fita, kuma da ta yi ɗaya daga ciki da ya fi masa sauƙi.

"Na sani," ta ce a hankali. "Na ga labulen ya motsa." "Baba, tun da na zauna a bencin nan nake addu'a kada layi ya zo kaina. Da Anti Jummai ta fito ta ce in tafi Tudun Wada, wallahi daɗi na ji. Har godiya na yi mata."

Malam Zaharaddini ya yi watanni yana ɗauke da laifin shi kaɗai, yana ganin aƙalla ita ba ta da kaso a ciki. Ashe ita ma tana ɗauke da nata a ɗakin da ke bayan bangonsa, kuma shi ya koya mata kunyar da ta sa ta gode wa wanda ya kore ta. Ya so ya ce mata ba laifinta ba ne, hawaye suka riga maganar fita, ya sa hannun riga ya rufe fuska.

Radiya ta ɗan jira, sannan ta tura kwanon kusa da shi ta ce, "A sha kafin ta yi tsami, Baba." Ta tashi ta koma ciki haɗa kayanta.